Dangwali a Kan Layin Dogo

Tashar Tudun Mala ba wata tasha ba ce ta a zo a gani. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai tsohon sito, sai guntun ƙarfen dogo rataye a jikin dalbejiya, wanda ake bugawa in jirgi ya kusa. A zamanin gyaɗa aka gina ta, kuma masu ginin sun iya zaɓen wuri, don duk faɗin fadamar nan babu tudu kamar nata. Da gyaɗa ta ja baya jirgi ya ɗauke ƙafa, aka yi shekara goma sha ɗaya ba a ji kukansa ba. Yanzu ya dawo, sau ɗaya a mako. Ya taso daga Kano ran Alhamis, ya tsaya minti biyar a sauke mutane, a loda kwandunan banda da buhunan shinkafa, ya wuce Nguru.

Muttaka ne mai kula da tashar. Shi ke yankan tikiti, shi ke ɗaga tuta, shi ke shara. Gado ya yi. Mahaifinsa ya shekara talatin a wurin, ko akuya jirgi bai taɓa takewa ba, kuma Muttaka ba ya gajiya da ba da wannan labari. Sai dai fa mutum ne mai tsabtar tsiya. Kaza ta bi ta rumfarsa sai ya bi sawunta da tsintsiya.

Da kogin Haɗeja ya yi ambaliya a damunar nan, ruwa ya shanye gonaki da burtali. Ran Laraba Baƙo makiyayi ya zo da shanunsa, ya roƙi arziƙin a bar su a filin tashar kafin ruwa ya ja. Muttaka ya dubi filin da ya share tas, ya ce nan tasha ce, ba ruga ba. Baƙo bai ja maganar ba. Ya ce Allah ya huci zuciyar malam, ya juya da dabbobinsa.

Washegari da hantsi aka kira Muttaka daga tashar baya, ana tambaya ko hanya a buɗe take. Dokar mahaifinsa ita ce ba a amsa wannan tambaya sai an taka layi da ƙafa har kwanar goruba. To, ranar ana yayyafi, ga taɓo. Muttaka ya leƙa daga rumfa ya ce a sako jirgi. Yana ajiye wayar zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ɗauki tutocinsa ya bi layi.

Yana shan kwanar ya gan su. Shanu wajen arba'in tsaye a kan layin dogo, ruwa dama, ruwa hagu. Ga maruƙa a jere cikin dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure su, an ɗaure bakinta a jikin ƙarfen dogon kansa. Tunda kuwa ya kore su daga tasha, ina za su in ba nan ba? Baƙo ya shiga kwalekwale neman dusa, don kowa a garin cewa yake jirgi ba zai shigo cikin wannan ruwa ba. Shekara goma sha ɗaya ta koya wa mutane cewa layin dogo wurin shanya ne.

Muttaka ya zaro wayar hannunsa. Ya kira direba, wayar ba ta shiga. Ya kira tashar baya, aka ce ai jirgi ya daɗe da tashi. Ya so ya ratsa garken ya je gaba da jar tuta, ƙahoni suka tare shi. Ya samo sanda ya hau duka. Ina! Saniyar da ya doka sai ta ƙara matsawa jikin ɗanta. Ya tuna mutanen da ke cikin taragu, ya tuna da bakinsa ya ce a sako.

A gefen layin wata tsohuwa na zaune ƙarƙashin malafa, Aisa, mahaifiyar Baƙo. Duk haukan da Muttaka yake yi tana kallonsa. Ya gaya mata jirgi na tafe. Ta miƙe tana dafa gwiwa.

"To, ɗan nan, ina za su? Ruwa, ko tashar da ka hana?"

"Tasha, Inna. Don girman Allah, tasha."

"Yar da sandar. Ba a korar uwa, ɗanta ake ja."

Ta sunkuya ta warware ƙullin dangwalin ta miƙa masa baki ɗaya, ta riƙe ɗayan. Ya ja. Maruƙan suka taho suna turjiya suna kuka, ai kuwa sai ga iyayen sun biyo su a guje, kowace tana kiran nata. Wanda jiya ya kore su, yau shi ne a gaba yana jan igiya, taɓo har gwiwa, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Bajimin ƙarshe na saka ƙafa a filin tashar jirgi ya yi kuka daga bayan goruba.

Muttaka ya ɗaga tutarsa. Jirgi ya shigo ya tsaya lafiya ƙalau. Masu sauka suna ta toshe hanci suna tsallake kashin shanu, direba kuma ya leƙo yana tambaya yaushe aka mai da tashar nan kasuwar shanu. Muttaka dariya kawai yake yi, idonsa cike da ƙwalla. Tunda yake bai taɓa jin daɗin tsokana irin na ranar ba.

Da la'asar Baƙo ya dawo da dusarsa, ya ga shanunsa a inda aka hana su, ya fara ba da haƙuri yana neman sandarsa. Muttaka ya riƙe hannunsa ya ce shi ne mai neman gafara, kuma babu inda za su sai ruwa ya ja. Da kansa ya ɗaure dangwalin a gindin dalbejiya, ƙarƙashin ƙarfen da mahaifinsa ya shekara talatin yana bugawa. Wata maraƙa ta juya ta yi masa kashi a kan takalmi. Bai ko nemi tsintsiya ba.