Jirgin da Muttaka Ke Ciki

Saƙon ya shigo salular Salima ranar Litinin, bayan an gama ɗaure hatsi an kai rumbu. Daga wanta ne, Muttaka, wanda shekara bakwai ke nan rabonshi da garinsu Gazawa. Burodi yake gasawa a cikin wani babban jirgin ruwa, irin waɗanda ba su ɗaukar kaya, sai mutanen da suka ƙoshi suna neman inda za su miƙe ƙafa. Ya ce masu jiragen sun ba tsofaffin ma'aikata dama su kawo iyayensu hutun kwana bakwai a kan teku, uwa da uba kawai, kuma sau ɗaya ake ba mutum. Jirage biyu ne, duka cikin watan Fabrairu za su tashi. A zaɓi guda, a ba shi amsa ranar Juma'a ya kai sunaye buro, ofishin masu jiragen.

Ya turo hotuna. Ɗaya fari ne fat, sabo, hawa goma sha takwas, daga Jidda yake tashi. Ba giya a cikinshi, akwai ɗakin salla, kuma wanda ya je hawanshi zai iya yin umra kafin ya shiga. Ɗayan shuɗi ne, ya kwana biyu, hawa goma sha biyu, daga Dubai yake tashi, cike da kiɗa da turawa masu yawo da ɗan kamfai. A ƙarshen saƙon, kamar wanda ya tuna a makare, Muttaka ya ce shi a shuɗin yake aiki, amma farin ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Mahaifinsu, Malam Sha'ibu, ya karɓi salular ya tafi da ita rumfar bakin tasha inda yake zama. Kwana uku mazan rumfar ba su da wata magana. Mutanen da iyakar ruwan da suka sani tabkin bayan gari ne, wanda ke ƙafewa tun sanyi bai fita ba, suka zauna suna gardama kan wane jirgi ya fi jure igiyar teku. Wani ya ƙirga tagogin farin da tsinke har ya ɓace a lissafi. Wani ya ce tabkin wankan da ke samanshi zai shayar da shanun garin Cadakori kaf. Wani ya ce shuɗin ko kyauta aka ba shi ba zai taka ba, don gidan rawa ne aka ɗora kan ruwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tambayi abin da matar gidan take so. Haka maza suke in sun sami abin tattaunawa da ba ya buƙatar su ɗaga ko kara.

Matar gidan ita ce Tani, kuma Muttaka ɗan farinta ne. A gidajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta duban fuskarshi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ko mijinta uwar Salima yake ce mata. Tun da aka yaye Muttaka, Baturiya, yayar Malam Sha'ibu, ta ɗauke shi, ita yake kira Inna. Tani kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarshi ce. In ya kira waya sai ya yi ta hira da Baturiya, a ƙarshe ya ce a gaida Adda, ita kuma ta tashi ta shige madafa kamar tuwo na ƙonewa. Shekara talatin da huɗu kallon sata kawai ta taɓa yi mashi.

Yanzu ko kallon satar ya kusa ƙarewa. Wata biyu kafin saƙon, Salima ta raka ta Maradi wurin lokotoron ido. Ya haska, ya auna, ya ce jijiyar hagu ta mutu, ta dama kuma tana bin ta. Abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta ramin kara ne. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai jinkirta ne kawai, da wuya ganin ya kai damina. Shi kuwa Muttaka hutunshi sai bayan kaka mai zuwa, in ya bar jirgi kafin nan ya bar aikin ke nan. A motar dawowa Tani ta sa Salima ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta ce ba za a ce ta ɗauki ciwo tana roƙon tausayin ɗan fari da shi ba.

Hoton salula ba ya yi mata amfani. Hasken gilashin dishe mata ido yake, ba ta ganin komai sai fari. Da rana tsaka, in mutum ya tsaya a gabanta kamu ɗaya, tana iya bin fuskarshi gaɓa-gaɓa, goshi, sannan ido, sannan baki. Abin da take so ke nan, kuma a shuɗin jirgi kaɗai yake.

Sai ta shiga kewaye-kewaye. Ranar Talata da ta kawo wa Malam fura, ta ce hawa goma sha takwas ya yi wa gwiwarta yawa. Ya ce akwai ɗan ɗaki da ke ɗaga mutum sama, ba wanda ke taka matakala. Ta ce sabon abu ba a san halinshi ba, tsohon ya saba da ruwa. Ya yi dariya ya ce ashe a gidan nan akwai matuƙin jirgi ba a sani ba. Ranar Laraba ta ce ta ji an ce ƙaramin ya fi tsayawa garuruwa, mutum ya sauka ya taka ƙasa. Malam ya ajiye ludayi.

"Uwar Salima, ƙasar da ta fi Makka kike son takawa?"

Ta ɗauki ƙwaryar fura ta fita. Wa zai amsa wannan?

Salima ta same ta a bayan rumbu tana tsince wake da tafin hannu, don idon ba ya raba tsakuwa da ƙwaya. Ta roƙi uwar ta sake ta daga rantsuwar, ita za ta gaya wa Yaya Muttaka, magana ɗaya ce. Tani ta ce a'a. Salima ta ce to ta lura da yadda ya rubuta saƙon, ya yi ta yabon farin, nashi kuwa ya ɓoye shi a ƙarshe. Shi ma kunyar ce ta hana shi cewa ku zo inda nake. Tani ta ce in haka ne ya yi daidai, an yi mashi tarbiyya. Ta faɗa ta ci gaba da tsince wakenta.

Ni ban ce kunya aibi ba ce. Gidan da babu ita kango ne. Amma an yi ta ne don ta rufe mutum kamar tufa, ba don ta shaƙe shi ba, kuma wanda ya ga tana shaƙe wani ya ce ai al'ada ce, mugu ne ko da yana sallar dare.

Ranar Alhamis Tani ta yafa mayafi ta bi jikin katanga zuwa gidan Baturiya. Dabararta ta ƙarshe ke nan. Baturiya uwar riƙo ce, ba kunya tsakaninta da Muttaka, in ta ce a je a dubo mata ɗanta a shuɗin jirgi, Malam ba zai musa wa yayarshi ba. Bayan gaisuwa Tani ta yi ta zagaye, ta ce yaron nan ya daɗe, ba a san ko ya rame ba, hoto ƙarya yake yi, da za a sami wanda zai gan shi da ido da hankalin Yaya ya kwanta.

Baturiya ba wawiya ba ce. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Hankalina kwance yake, jiya ma mun yi magana. Ke dai faɗi naki."

"Ni ba ni da nawa, Yaya."

"To madalla. Ni na goye shi, ni na yi jinyar ƙyandarshi, ni na sayar da akuya ya tafi Maradi koyon burodi, ban ce a kai ni jirgi ba. Ke da aka rubuta sunanki a takarda Allah ya kira ki ɗakinshi, za ki ce gidan rawa kike so? Tun yaushe ya zama naki?"

Tani ta ce ba haka take nufi ba, ta yi sallama. A hanyar dawowa ta yi karo da amalanken da aka jingine a lungu, ƙafarta ta fashe, ta ce wa masu tambaya tunani ne ya ɗauke mata hankali.

Ranar Juma'a bayan la'asar gidan ya cika. Baturiya ta zo, maƙwabta mata sun zo, Malam na kan tabarma da rigar masallaci, ya riga ya gaya wa liman da duk sahun gaba cewa bana da umra za a yi. Tani na bakin madafa kan turmin da aka kifa, ta ba su baya. Salula ta yi ƙara, Salima ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Muttaka ya gaida Baba, ya gaida Inna, Baturiya ta tsokane shi cewa ta ji ya yi tumbin burodi, ya ce ai tuwonta ne har yanzu bai narke ba. Aka yi dariya. Sannan ya tambaya wanne aka zaɓa. Malam ya gyara murya ya ce farin, ya jera dalilanshi tun daga umra har zuwa ɗakin salla.

Muttaka ya amsa a hankali.

"To Baba. Shi ya fi. Bari in kai sunayen kafin su rufe. A gaida Adda."

Tani ta miƙe. Ba madafa ta shiga ba. Ta nufo inda muryar take, ta ture butar Malam ruwa ya malale kan tabarma, ta taka ƙafar wata maƙwabciya, ta miƙa hannu tana laluben iska har ta kama wuyan hannun Salima.

"Muttaka."

Ba wanda ya motsa. Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare.

"Muttaka, ba na gani. Hagun ya tafi, daman ya kusa. An ce ba zai kai damina ba. Ni jirgin da kake ciki nake so."

Baturiya ta yi salati ta ja mayafi ta rufe baki. Wata maƙwabciya ta sunkuyar da kai kamar an tuɓe a gabanta. Daga salular ba abin da ke fitowa sai ƙugin inji, sannan aka ji namiji ɗan shekara talatin da huɗu yana jan hanci. Da ya iya magana, cewa ya yi me ya sa ba a gaya mashi ba. Bai ce Adda ba, bai kuma kira ta da wani suna ba.

Malam ya ce a kashe wayar, za a kira shi. Muttaka ya ce buro na rufewa nan da awa guda.

Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Baturiya ta tsaya a bakin zaure ta ce ita dai a zamaninsu mace ta gwammace ta makance da ta yi abin da aka yi yau, ta fita. Ya rage daga Malam sai Tani sai Salima. In Malam ya ƙi, magana ta ƙare, don ba za ta ƙetare ƙasashe ba muharrami ba, kuma damar ta uwa da uba ce.

Ya fara da faɗa. Ya ce an mai da shi abin dariya, da wane baki zai koma wa liman ya ce ya fasa ɗakin Allah ya zaɓi jirgin mashaya. Ya ce wata biyu ana ɓoye mashi magana a gidanshi. Tani na tsaye tana duban wajen da take zaton fuskarshi take. Ba nan take ba. Ginshiƙin rumfa take kallo, kamu biyu daga inda yake.

Nan ya tsaya. Ya ɗaga hannu a hankali ya kaɗa shi a gefen fuskarta, kusa har iskar ta motsa bakin kallabinta. Idon bai bi ba. Mutumin da ya kwana uku yana ƙirga benayen jirgi a hoto bai lura matar da ke miƙo mashi abinci kullum da lalube take miƙowa ba. Ya sauke hannun ya zauna kan jiƙaƙƙiyar tabarmar bai ma ji ruwan ba.

"Kira shi," ya ce wa Salima. "Ki ce shuɗin."

Washegari bai je rumfar tasha ba, jibi ma haka. Da ya koma, an yi mashi abin da ya zata. Ana ce mashi Alhajin Dubai, ana tambayar ko ya fara koyon rawa. Ya shanye. Baturiya ta yi sati uku ba ta taka gidan ba. Mijin Salima ya shiga zirga-zirgar fasfo tsakanin Agiye da Maradi.

Saura wata uku jirgin ya tashi, kuma ba wanda zai iya cewa idon zai kai. Tani ta yanke shawarar da ba wanda ya ba ta. Ta sami ƙyallen baƙin zane ta ɗaure idon dama, ta ce tanadinshi take, kada ya ƙare a kallon kaji da tukwane. Salima ta kira lokotoron, ya ce ido ba kananzir ba ne, rufewa ba ta ƙara mashi kwana, ta dai riƙa ɗiga magani. An gaya mata. Ta ce ta ji.

Ba ta kwance ba. Da rana tsaka kawai, in rana ta daidaita a tsakar gida, takan sa Salima ta tsaya a gabanta kamu ɗaya, ta ɗaga ƙyallen, ta bi fuskar daga goshi zuwa haɓa. In ta kai ƙarshe sai ta mayar da ƙyallen da sauri, ta tambayi kwana nawa ya rage.