Kekunan Tela

Nas ta gama soka allura ta biyu a hannun Tela, ta manna filasta, injin wankin ƙoda ya fara jan jini yana mayarwa. Awa huɗu a kwance, sau uku a mako, yau wata bakwai. Amma ba allurar ce ta dame shi ba. Da safe babban ɗansa ya sanar da shi cewa ya sayo masa keken guragu, kuma tunda ɗakin ba zai ɗauki keke biyu ba, da yamma za a fitar da keken ɗinkin a ba wani. Shawara ce ta ƙauna, irin wadda ake yankewa a gaban mara lafiya kamar ba ya wurin.

Tun da ciwon ya kama shi, gidan bai san wata kalma ba sai "huta". Ya miƙe ɗauko rediyo, a ce ya huta. Ya sunkuya neman takalmi, matarsa ta riga shi. Ya huta, ya huta, har ƙafafunsa suka zama kamar na aro.

Yana cikin wannan tunani wata budurwa mai farar riga ta tsaya a ƙarshen gadonsa, rungume da wani ƙarfe mai feda biyu. Ta gaishe shi, ta ce ita ce sabuwar likitar motsa jiki. Ta ce yawan kwanciya na cinye naman ƙafa, kuma likitansa ya duba ya amince ya riƙa ɗan motsawa yayin da injin ke aiki.

"Baba, ka iya taka keke?"

Tela ya dube ta kamar ta zage shi. "Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke, 'yata."

Murna ta kama ta, ta ce ashe ta samu gwani. Ta ɗaure ƙarfen a gadon, ta sa masa ƙafafu a feda. Tela ya gyara kwanciya, ya danna duka biyun lokaci guda, yatsu ƙasa, dunduniya sama. Feda ta ƙi juyawa. Ya sake dannawa, gadon ne kawai ya yi ƙara.

Direba, maƙwabcinsa na gadon hagu, wanda allura ba ta taɓa hana shi surutu ba, ya yi dariya har nas ta harare shi. Ya ce ai keken Tela ba ya zuwa ko'ina, shekara arba'in yana takawa bai bar shago ba. Kunya ta rufe Tela. A rayuwarsa bai taɓa hawa keken hawa ba, kuma bai zaci akwai wanda zai ce masa keke yana nufin wani abu ban da na ɗinki ba.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta cire ƙarfen, ta ce ya maimaita abin da ya yi. Ƙafafun suka soma, a hankali, sannan suka tuna hanya: ƙasa, sama, ƙasa, sama, daidai wa daida.

"Wannan nake fama in koya wa mutane tun safe," in ji ta. "Direba, kalli malaminka."

Sai da ya yi minti biyar kafin ya gaji. Yana haki ya tambaye ta abin da ke cin sa, ko taka keken ɗinkinsa na gida ma ya halatta. Ta yi masa tambayoyi, ta je ta ga likitansa, ta dawo da takarda. Minti goma, a ranakun da babu wanki. Kada ya ɗaga kan keken da hannun da ake sa allura. In jiri ya zo ko numfashi ya yi wuya, ya tsaya.

Da yamma ya iso gida a gajiye, kamar kullum bayan wanki. An riga an jawo keken ɗinkin bakin ƙofa, sabon keken guragu na ƙyalli a gurbinsa, ko ledar ba a cire ba. Tela ya dafa bango, ya taka da kansa har kujerarsa ta aiki, ya zauna, ya miƙa wa ɗansa takardar.

Ɗan ya karanta sau biyu. Ya ce shi tsoro yake ji kada mahaifinsa ya faɗi, kuma muryarsa ta nuna da gaske yake. Tela ya ji tausayinsa.

"Na sani. Naɗe naka keken ka jingina bayan ƙofa. Ranar da na buƙace shi, ni zan ce a buɗe."

Matarsa ta juya ta shige ciki. Ya ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta da agogon bango a hannu ɗaya, a ɗayan kuma zanenta da bakinsa ya warware tun watanni. Ta ajiye su a kan keken.

"Minti goma aka ce, kuma ni zan duba," ta ce. "Tunda gobe za ka taka, kada ka taka a banza."