Shaidar Mai Tankin Ruwa

Malam ya ture littattafan jarrabawa gefe, ya jawo kwamfutarsa tun kafin sauran malamai su dawo daga aji. Shekara tara ke nan yana aikin sa kai a kundin ilimi na intanet, yana gyara shafuka, yana share na banza. Yau wa'adin kwana bakwai na muhawara ya cika a kan wani shafi, kuma shi ne mai yanke hukunci: a bari ko a goge.

Shafin na wata na'ura ne da ake maƙalawa a tankin ruwa, in ya cika ta kashe famfo da kanta. "Na'urar da ta girgiza duniya," in ji layin farko. A ƙasa har da lambar waya guda biyu.

Mai na'urar kuwa ƙanin matarsa ne, wanda duk dangi ke kira Injiniya.

Waya ta yi ƙara. Uwargida ce.

"Malam, ka duba abin yaron nan?"

"Yaro mai gemu? Ina dubawa."

"Gobe fa zai gana da mutanen kamfanin nan. Ya ce da sun buga sunan na'urar suka gan ta a kundin, magana ta ƙare. Danna abu ɗaya ne fa, ba dutse aka ce ka ɗauka ba."

"Ba haka ake yi ba. Sai an samu wani na waje, wanda ba shi da alaƙa da shi, ya yi magana a kanta."

"To ba tana aiki ba? Yaushe rabon da ruwa ya malale mana a tsakar gida?"

"Tana aiki."

"Shi ke nan. Kar ka sa in kasa haɗa ido da Inna."

Ta kashe. Malam ya murza idanunsa, ya buɗe hujjojin da aka jera a ƙasan shafin. Ta farko shafin Injiniya ne na kansa. Ta biyu talla ce a wata jarida, an ma rubuta "talla" a samanta da ƙananan baƙaƙe. Waɗannan biyun duk masu muhawara sun yi watsi da su.

A kan ta uku aka rabu. Bidiyo ne da wata ƙaramar tashar labarai ta saka. Mutum huɗu sun ce a bar shafin saboda shi. Ɗaya ta rubuta: "Ga dattijo malamin makaranta, ba ruwansa da mai na'urar, ya ba da shaida. Wannan ya isa."

Malam ya danna.

Sai ga shi. Shi da kansa, da tsohuwar rigarsa ta zaman gida, tsaye a gindin tankinsa, yana cewa, "Gaskiya tun da aka saka ta ban sake hawa tsani ba." Ya tuna ranar. Injiniya ya zo da wani abokinsa mai kyamara, ya ce na ajiye tarihi ne kawai, "Yaya, faɗi abin da ka gani." Ashe tarihin tashar labarai ya nufa.

Ya jingina da kujera. A kundin babu wanda ya san fuskarsa, da laƙabi yake aiki. In ya ƙirga ra'ayoyi ya rubuta "a bari", babu mai cewa uffan. Kuma ba ƙarya ya yi a bidiyon ba.

Malamar lissafi ta shigo tana kakkaɓe alli daga hannunta, ta leƙo.

"A'a! Malam, ashe taurarin fim muke zaune da su ba mu sani ba? Rigar nan dai ta ci a yi mata ritaya."

"Ni da ita duka," ya ce.

Ya ɗora yatsu a kan madannai, ya ɗauke. Ya sha ragowar shayinsa da ya huce. Sannan ya rubuta:

"Mutumin da ke cikin bidiyon ni ne. Mai na'urar ƙanin matata ne, kuma kyauta ya saka min ita. Tana aiki, amma shaidata ba ta wani na waje ba ce. Na janye hannuna, wani ya yanke hukuncin."

Ya tura. Ya koma kan littattafan jarrabawa, ya yi wa guda goma sha ɗaya maki ba tare da ya ɗaga kai ba. Da ya sake dubawa, wata mai gudanarwa ta riga ta rufe muhawarar. Sunan na'urar ya koma ja, alamar an goge shafin.

Ana tashi ya tarar da motar Injiniya a bakin ƙofar makaranta. Bai taɓa zuwa ɗaukarsa ba sai yau. Ya fito da sauri ya karɓi jakar Malam, har da buɗe masa ƙofa.

"Yaya na kaina! An gama?"

Malam ya zauna, ya ja bel a hankali ya ɗaura.

"An gama."

"To yaya? Faɗa min mana!"

"Ja mota mu je gida," in ji Malam, ya lumshe ido. "A gaban yayarka zan faɗa. Ba ni da ƙarfin faɗa sau biyu."