Wasan da Mai Agogo Ya Yi wa 'Yarsa

"Koma ka zauna," na ce masa. "Wannan tashin na majinyaci ne. Ko makaho zai gane."

Mai Agogo ya koma kan kujera yana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Ciwon da ke cikinsa ya riga ya cinye shi, likita ma bai ɓoye masa ba. 'Yarsa ce kaɗai ba a gaya wa ba, ga ta kuma a hanya. Ta rantse masa a waya in ta same shi babu daɗi, a ranar za ta ɗauke shi zuwa gidanta. Mijinta kuwa ya ce tsoho dai a kawo shi, amma ko wutsiyar maciji ba za ta shiga masa gida ba.

Macizan na jere kan tsohon teburin gyaran agogo, cikin akwatunan gilashi, kowane akwati da ƙwan lantarki a sama don ɗumi. 'Yan ƙanana ne, kaurin fensir, ba su da dafi. Tun da matarsa ta rasu, idonsa kuma ya daina ganin cikin agogo, abu biyu ya kama: kiwon waɗannan halittu, da ajin koyon wasan kwaikwayo da wata malama ke yi a ɗakin taron unguwa. Mutum da furfurarsa, wai ana koya masa tafiya da numfashi. Na yi masa dariya har na gaji.

"Direba," ya ce, "ba na so in cika a ɗakin baƙi ina kallon silin. Nan nake so, ina ganinsu."

Ni ban taɓa zama a aji ba, ko na karatu ko na wasa, kuma ban ga abin da na rasa ba. Babbar mota ta kife da ni cikin kogi na fito da ƙafata. Annoba ta kwashe abokan tuƙina ta tsallake ni. Amma ranar nan ga ni ina taya shi gwajin wasa.

Can Mai Agogo ya ce, "Na tuna inda na kuskure. Malama ta ce mai lafiya bai san yana da ita ba. Aikin gabansa yake yi, yana mita. To aiki zan kama. Kai kuma, in ka ga na taɓa kunne, ciwon ya murɗa ke nan. Ka sako labarin kogin nan naka, ka ja hankalinta har ya lafa."

"Ai kai ka ce ka gaji da labarin."

"Na gaji mana. Yau dai ya yi rana."

Da hantsi ta iso. Ta same shi a tsaye, ya jingina ƙugunsa da tebur ta yadda ba za a lura ba, yana ɗumama wa macizan 'ya'yan ɓera cikin ruwa mai ɗumi.

"Rufe ƙofar nan, iska za ta kama su," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Kullum sai kin bar ƙofa a buɗe, tun kina ƙarama."

"Baba, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu. Miƙo mini hantsakin can."

Ta miƙa masa tana ƙare masa kallo. "Ka rame."

"Malama ce ta ce in rage tumbi. Ɓarawo za ta ba ni a wasa na gaba, wai ba a ɓarawo mai ƙiba."

Ta yi dariya. Ya ɗaga murfin akwati, ya kaɗa abincin a gaban ɗaya daga cikinsu, hannunsa ko rawa babu. Can na ga yatsansa ya kai kunne.

"'Yata," na ce, "na taɓa ba ki labarin ranar da gada ta karye da ni?"

Na ba ta shi tun daga tushe, da ruwan da ya kai ni wuya, da ƙofar da na ɓalle da kafaɗa. Ta gefen ido ina ganinsa ya runtse ido, ya danne tebur. Da ya lafa sai ya katse ni, ya ce a labarin da na bayar bara kogin nan iya gwiwa yake. Ba a jima ba ya sake taɓa kunne, na sake kifar da motar. Kafin azahar na nutse na fito ban san iyaka ba.

Da za ta tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana mata faɗan tsadar mota. Ni na raka ta bakin titi. Muna shan kwana ta tsaya, ta dafa bango, kafaɗunta na rawa.

"Baba Direba, ya daɗe yana gwajin nan?"

Na ce ban san wane gwaji take nufi ba.

"Tun ina goye, mutumin nan ba ya tsayawa in akwai kujera." Ta share fuska da gefen gyale. "Ya iya, ko?"

"Ya iya."

"To kada ka gaya masa na gane. Ka ce na tafi hankalina kwance. Zan riƙa leƙowa, in ce aiki ne ya kawo ni ta nan."

Na koma na same shi zube a ƙasa, bayansa jingine da ƙafar tebur.

"Ta yarda?"

"Ta yarda. Ta ce ka fi ni ƙarfi."

"Wannan kuma ƙarya kake," ya ce, yana murmushi.

Bai ƙara fita daga ɗakin ba. Tana zuwa, yana tashi, ni ina kifar da mota, har tashin ya gagara ya koma yin mitar daga zaune. Wata safiya na shiga da ruwan zafi na same shi a kujera, ya juya ta wajen akwatunan, haɓarsa a ƙirji. Na kira shi, na sake kira. Sai na ajiye butar.

Bayan an kai shi, mutane sun watse, mijinta na jira cikin mota. Macizan ɗakina za su koma, ni na ce a bar mini su. Ta durƙusa tana goge gilasan kafin mu ɗauka. A akwatin ƙarshe ta tsaya. Ƙaramin cikinsu ya yi saɓa, fatar na maƙale a jikin ɗan itacen da yake hawa. Ta sa yatsu biyu ta zaro ta a hankali, ba ta yage ba. Ta ɗora ta a tafin hannu, ta rufe da ɗayan don kada iskar ƙofa ta ɗauke.