Ƙafar Jummai a Hannun Uwani

...kuma ba shi da ikon shiga, abin da ke cin Malam Labbo ke nan. Maɗorin 'Yandoto guda, wanda ake kawo wa karaya tun daga Kucheri, ga shi zaune bayan zana da hantsi kamar baƙon da ba a yi wa iso ba. A ciki Jummai ce kwance, Bafulatanar da saniya ta shura a ƙwauri wajen tatsa. Mijinta Buba ya ce namiji ba zai kama ƙafar matarsa ba, ko tsoho ne. To, sai Uwani. 'Yarsa Uwani, wadda ba ta taɓa ɗora ƙashin mutum ba — na akuya dai, na akuya...

In ya haɗu a karkace fa? Matar da ke bin garke a ƙafa, ƙwaryar nono a ka. Gurguwa a ruga — wa zai tsaya jiranta ranar tashi? Tsoro yake ji, ba ya ɓoye wa kansa.

Hannuwansa na bisa gwiwa, tsufa ya cinye ƙarfinsu. Ko an ce ya shigo, da waɗannan zai ja? Mahaifinsa bai taɓa yi masa bayani ba. Riƙe nan, tsaya can, mari. Shekara da shekaru yana riƙon ƙafafun mutane kafin hannu ya waye. Shi ina ya ga shekarun? Shi ya sa ya ɗauki alƙalami. Ba yadda ake ɗori ya rubuta ba, wannan kowa da nasa, kowa na ɓoyo. Yadda ake sa hannun wani ya iya — wannan ne ba wanda ya taɓa zama ya duba. Malam Haruna na Gusau, mai yi wa masu shimfiɗa hanyar jirgi tafinta, shi ya ce ya ji likitocin Nasara na da takardun da ke zagayawa tsakaninsu, wannan ya faɗi yadda ya horar da nasa, wancan ya gwada ya mayar da martani. Su ke nan? Mu da muka gaji tawada?

Ya bar gefen takarda da faɗi, yadda malamai ke bari don mai ƙarin bayani. Fatake suka kai Tsafe wajen Bawa wanzami, suka kai Bungudu wajen Manu maɗori. Abin da ya rubuta: a karya karan dawa, a tura cikin burgamin fata mai gero, a ɗaure wa mai koyo ido ya lalubo ya haɗa. Yadda ya ji kansa ranar! Sai ga ta ta dawo da jan rubutun Manu a gefe: na gwada da ƙanena, kara ba ya gardama, ƙashi kuwa nama ke janye shi, ka koya masa sauƙi ranar wuya zai saki. Ya zagi Manu tas a gaban kaji, don su kaɗai ne a tsakar gida. Amma gaskiya ce... gaskiya ce, ɗan banza. Bawa ya ƙara a ƙasa, a nemi ƙafar akuya da namanta, da ɗuminta, daga hannun mahauta.

"Baba," muryar Uwani ta ratso zana, "na ji bakin ƙashin ƙarƙashin yatsa. In ja?"

"Ja, ɗiyata. Kak ki sassauta don kukanta."

Kukan ya zo. Buba ya miƙe, ya koma ya tsuguna. Labbo na jan iska da hannu biyu bai sani ba — a hankali, a miƙe, kada ki murɗa... Kowace ranar kasuwa ƙafar akuya, har maƙwabta na cewa gidan maɗori ba a cin nama sai an yi masa jinya. Ido a ɗaure, gumi na zuba, ta haɗa, ya raba, ta sake. 'Yan'uwa na gunaguni, wai gado a hannun mace gidan wani zai tafi. Ya tafi mana! Ya je Magami, ya je Bungudu, ya shiga ɗakunan da shi bai taɓa leƙawa ba. Mata nawa ne suke ɗingishi a garin nan don kunya?

Kuka ya sauka ya zama nishi. Saura ɗauri. Nan kowa ke faɗuwa — a tsananta ƙafa ta kumbura ta mutu, a sassauta ƙashi ya zame. Amsar na bakinsa, a shirye. Yanzu za ta kira... yanzu.

Ƙarar karare. An yaga tsumma. Uwani na magana ƙasa-ƙasa, ba da shi ba: "Motsa yatsu in gani, Inna. Yauwa."

Ba ta kira ba.

Ko ƙashin ya miƙe, ko bai miƙe ba, sai ranar kwance ɗauri. Zai rubuta wa su Manu ko yaya ta kaya, in ma ta karkace su san inda hanyar ta gaza, su gyara. Wani daɗi mai nauyi na danne masa ƙirji, ga gajiya har cikin ƙashi.

"Malam, an ƙare?" in ji Buba.

Ya buɗe baki — bai sani ba. Tunda yake, ba a taɓa ɗori a gidan nan bai sani ba.

"Zauna, Buba," ya ce. "Sai ta hito ta gaya muna."