Katin da Ya Kwana Ƙarƙashin Naman Barewa

Misis Pruitt, matar da ke ba da hayar ɗakunan, ta daɗe tana kallon kwamfutarta kafin ta ɗago ta ce wa Noreen Vasko ba ta ga komai a kanta ba. Noreen ta yi murmushi har da gyara zama, don a gidansu wannan yabo ne. Ta ce ai haka ne, ko kwabo ba a bin ta. Ta gama karatun jinya ba ta ci bashin makaranta ba, da tallafin karatu da aikin gidan abinci ta lallaɓa, ga kuma takardar ɗaukar aiki daga asibitin da ke bayan layin nan.

Matar ta cire tabarau ta ce ba ta gane ba ne. Ba mummunan makin biyan bashi aka samu ba, makin ne babu gaba ɗaya. Kamfanin da ya mallaki ginin ba ya ba da ɗaki sai ya ga shaidar mutum ya taɓa cin bashi ya biya a kan lokaci, kuma na'ura ce ke dubawa, ba ita ba.

"Amma ina da katin bashi," in ji Noreen. "Tun ina aji ɗaya a jami'a."

"Kina amfani da shi?"

Ta ina Noreen za ta fara gaya wa wannan baiwar Allah cewa katin yana garin Wausau, a cikin gwangwanin kofi, a cikin ƙanƙara, a ƙarƙashin naman barewa?

Ɗakin kuwa tana son sa kamar me. Daga ƙofarsa ana hango asibitin, da ƙafa za ta riƙa zuwa. Motarta ta tsufa, in sanyi ya kankama sai an roƙe ta kafin ta tashi, kuma duk wani ɗakin da kuɗinta zai kai a Milwaukee yana can bayan gari. Misis Pruitt ta ce za ta riƙe mata shi zuwa Juma'a, daga nan akwai masu jira.

Aikin babanta ne, Gordon Vasko. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi gardama da turken waya. Noreen tana ƙarama aka rufe masana'antar takardar da yake aiki, katunan bashi suka riƙe gidan na ɗan lokaci, daga baya suka nemi haɗiye shi. Da ya samu ya fita da kyar, sai ya sa almakashi ya yanka su kaf, ya rantse shi da banki sai ajiya. Don haka ranar da Noreen ta zo hutu da katinta na ɗalibai, tana ta zuba bayanin da aka yi musu a makaranta, cewa a riƙa sayen ɗan ƙaramin abu duk wata ana biya gaba ɗaya, kallon ta ya yi kamar ta shigo da maciji a jaka. Ya ce ya ji, suna take so ta yi a wurin banki, to ai ta yi, ga sunanta nan a rubuce a jikin katin. Mallakar katin ita ce shaida, amfani da shi kuwa shi ne tarkon. Ya cika gwangwani da ruwa, ya jefa katin, ya kai firizar gareji. Ta yi musu, ta yi fushi, ta ƙi cin abinci. Da ta koma makaranta jarrabawa ta sha kanta, ta kuma ce a ranta wataƙila tsohon yana da gaskiya. Shekara uku ke nan.

Daga ofishin Misis Pruitt ta kama hanyar gida, Wausau, tana tuƙi tana tsaki ita kaɗai. Ta tarar da baban a gareji yana wasa wuƙa. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba ta ɗaga murfin firizar, ta shiga fito da ƙullin nama tana jibgewa a ƙasa, cinya, haƙarƙari, niƙaƙƙe, na bana da na bara da wanda shi kansa ya manta shekararsa. Yana tsaye yana faɗa mata ta bi a hankali, wannan na miyar Kirsimeti ne. Gwangwanin yana can ƙasa, ya manne da bango, sai da ta sa guduma.

Ta kai shi kicin za ta sakar masa ruwan zafi, ya riƙe famfon. Wai ai hikimar abin ke nan, a bar shi ya narke da kansa, kafin nan hankalin mutum ya dawo jikinsa.

"Baba, ba takalmi zan saya ba. Wurin kwana nake nema."

"Duk wanda ya shiga uku da haka ya fara, 'yar nan."

Haka suka zauna su biyu suna gadin gwangwani, yana ɗiga ɗis, ɗis, shi yana shan kofinsa hankali kwance, ita kuwa ji take kamar ta fasa ihu. Da ya tashi zagayawa ta buɗe ruwan zafin har ƙarshe.

Katin ya fito fes, kamar yau aka buga shi. Gordon ya dawo ya gan shi, bai ma yi faɗan ruwan zafin ba, sai alfahari: ta gani ko, ko ƙwarzane babu. Noreen ta kira lambar da ke bayansa. Wani saurayi mai ladabin da ke ƙara wa mutum haushi ya gode mata da kira, ya gode mata da haƙurin jira, sannan ya sanar da ita an rufe asusun tun bara waccan saboda ba a taɓa motsa shi ba. In tana so ta nemi sabo, amma sai ta yi kamar wata shida tana saye tana biya kafin maki ya fito. Ya tambaye ta ko akwai wani abin da zai taimaka mata da shi.

Ta ajiye wayar ta maimaita wa babanta, kalma bayan kalma, don ya ji da kyau. Ya ce ɓarayi ne. Ta ce ta yarda ɓarayi ne, amma su ke riƙe da makullin ɗakin. Ya ce mutum ya ƙi cin bashi kuma a hukunta shi, wannan wace irin ƙasa ce? Ta ce ita ma tambayar da take yi ke nan tun safe, sai dai tambayar ba ta da gado da banɗaki.

Da ta sake kiran Misis Pruitt, matar ta ce saura hanya ɗaya: wani babba ya tsaya mata, ya sa hannu. Nan take fuskar Gordon ta washe. Ya ce ai sai a faɗi haka tun farko. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya cusa kuɗin hayar wata shida a aljihu, tsaba, ya cika kula da naman barewa ya ɗora a bayan motarsa, wai na firijin sabon ɗaki. Duk tsawon hanyar Milwaukee yana ba ta labarin yadda ake sanin mutum da cika alkawari, ba da katin roba ba.

A ofishin ya zube kuɗin a kan tebur. Misis Pruitt ta tura masa abinsa a hankali, ta ce dokar kamfani ba ta karɓar haka a madadin bincike. Ta nemi lambar shaidarsa ta shigar a kwamfuta. Noreen tana kallon fuskar matar, ta ga ta sake cire tabarau.

"Mista Vasko, kai ma ban ga komai ba."

"Gidana nawa ne. Motar da ke waje tawa ce. Shekara ashirin ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa kan bashi."

"Na yarda, wallahi. Amma a nan kamar ba ka nan ne."

Noreen ta zo da fushinta a shirye, tun jiya take tanadin maganar da za ta gasa masa. Da ta ga yadda yake tattara kuɗin yana mayarwa aljihu, sai tausayinsa ya kama ta, abin ya ƙara ba ta haushi, don ko fushin ma an hana ta yi.

Suka shiga mota suka fita daga gari. Dukansu sun san sunan da ya rage, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗa. Goggo Lorraine, ƙanwar Gordon, tana zaune a Oshkosh, a kan hanyarsu. Mace ce mai katuna cike da jaka, ko cingam za ta saya sai ta miƙa kati, ƙarshen wata ta biya tas, kuma da ladan da bankin ke tara mata take hawa jirgi kyauta zuwa Florida duk hunturu. A wajen cin abincin bikin godiya, shekara biyu da suka wuce, Gordon ya kira ta baiwar banki a gaban 'ya'yanta da surukanta. Ta ajiye cokali ta ɗauki jakarta, tun ranar ba su sake magana ba.

Da suka iso mararrabar Oshkosh, Noreen ta ji baban ya kunna siginar juyawa. Ba ta dube shi ba.

Ya tsaya a ƙofar gidan ya ce ta jira a mota. Ya sauke kular naman, ya rungume ta ya hau matakala. Goggo Lorraine ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa, ba ta ce ya shigo ba. Noreen ba ta jin abin da suke faɗa. Ta dai ga ya ajiye kular, ya yi magana, Goggo ta girgiza kai ta kara hannu a kunne, alamar ya sake faɗa ba ta ji ba. Sai ta ga babanta ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. A coci kaɗai ta taɓa ganin ya yi haka, da ranar da aka binne mahaifiyarta.

Goggo ta leƙo ta ɗaga murya: "Ke Noreen, fito ki ba ni lambar matar nan. Kai kuma Yaya, ɗauko naman ka shigo, kana sakar mini sanyi a gida."

Kafin su bar gidan an gama komai ta waya, makin Goggo ya sa Misis Pruitt har da cewa madalla. Ɗaki ya zama na Noreen.

Sun yi nisa a hanyar Wausau kafin Gordon ya yi gyaran murya. Ya ce in sabon katin ya zo, ta riƙa shan mai da shi duk wata, ta biya kafin su buɗe baki, kada ta bar musu ko kwabo. Ta ce to, Baba. Ya ƙara tuƙi kaɗan, ya ce gwangwanin nan dai yana nan bai jefar ba, ko da za ta so, ba sai an kai firiza ba, ko a firiji ma ya isa.

"Baba."

"Na ji, na ji," in ji shi. Ya lalubo hular a kan kujera ya mayar kansa, ya ja ta sosai har ta rufe masa ido.