Ɗan Farin Madina

Shekara goma sha biyar ke nan Madina ba ta taɓa furta sunan Bobboi ba. Ɗan farinta ne, kuma a gidansu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama su yi hira. In ta matsu sai ta ce "kai" ko "wancan". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa ce. Kakarsa Gogo ce ta goya shi, ita ce mai lallashi, ita ce mai tsokana.

To, shekarar da cutar shanu ta bushiya ta share musu garke a Kumagannam, cikinta Gogo ta rasu. Mahaifinsa Abbo ya sauke su a ɗakin haya a Nguru, bayan tashar jirgin ƙasa, ya tafi kudu kiwon shanun wasu.

Tun daga nan yaron ya canza. Wanda da fito kaɗai yake juya shanu arba'in, yanzu gaisuwa ma sai an ja ta daga bakinsa. Ya bar wanka, tuwonsa kaji ke ci. Maƙwabta suka ce balaga ce, za ta wuce. Wasu suka ce iska ce, a nemo rubutu. Kowa likita ne a kan ɗan wani! Madina kuwa ta san ɗanta kewa ke cinsa, kuma tsoro ya hana ta sakat. Sai ta ƙara masa man shanu a miya, ta tura ƙanwarsa ta kai. Iyakar abin da kunya ta bar mata ke nan.

Wata Talata da hantsi ƙanwar ta shigo a guje.

"Inna, Hamma Bobboi yana zaune a kan layin dogo! Na ce ya tashi, ya ƙi."

Jirgin Kano ya riga ya yi kuka daga nesa. Madina ta fita ko mayafi babu, ta ratsa matan da ke sayar da busasshen kifi.

"Kai! Kai, tashi!"

Ko motsi bai yi ba. Ƙarfen ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafarta.

"Bobboi!"

Ya ɗago kai yana waige-waige, yana neman mai muryar. Da ya ga ita ce, sai ya miƙe a hankali, ya sauko gefe. Jirgin ya wuce su yana huci.

Ya tsaya gabanta, idonsa ya kawo ruwa.

"Sake faɗa, Adda."

Matan kifi sun zuba musu ido, har da wata 'yar garinsu da ta rufe baki da hannu. Madina ta buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Wallahi ta so, amma harshen ya ƙi.

"Tuwo yana hucewa," ta ce.

Ta damƙi hannun rigarsa, ba ta saki ba har gida.